Yadda Ake Haɗa Gahawa Mai Cakulan da Ƙamshin Lemun Zaƙi a Gida

Duk wanda ya taɓa matsa lemo a cikin shayi mai madara ya san abin da ke biyo baya: madarar ta tsinke, ta yi gudaji, kofin ya tashi daga aiki. Shi ya sa mutane da yawa ke ganin gahawa da cakulan da lemo ba za su zauna a kofi ɗaya ba. Suna zama kuwa, har su yi daɗi sosai, muddin an gane cewa ƙamshin lemo a ɓawonsa yake. Ruwan cikinsa galibi tsami ne da zaƙi. Man nan da ke bugun hanci idan ana ɓare lemo a ɗaki, har ya shiga idon yaro ya sa shi hawaye, a fatar waje yake zaune, kuma da shi za mu yi aiki.

Haɗin gahawa da cakulan da madara shi ake kira moka a shagunan shan gahawa. Sunan ya samo asali ne daga Mukha, tashar jiragen ruwa ta ƙasar Yaman a gaɓar Bahar Maliya, inda aka daɗe ana lodin gahawa zuwa sassan duniya. Mu a nan lemo za mu ƙara masa. Don kada a rikice, idan aka ce gahawa ana nufin abin shan, kofi kuma mazubin. Hodar koko ita ce garin 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su, wanda ake nomawa a Ondo da Kuros Riba da ƙasashen Gana da Kwaddebuwa, ba kokon gero na karin kumallo ba.

Ga abin da kofi ɗaya babba, mai ɗaukar mililita 250 zuwa 300, yake bukata: gahawa mai ƙarfi mililita 60, wato babban cokali huɗu; madara mililita 180; hodar koko marar sukari babban cokali ɗaya, ko cakulan baƙi giram 25; ruwan sukarin lemo babban cokali ɗaya; sai gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su tsinta. Babban cokali a nan mililita 15 ne, cokalin shayi kuma mililita 5.

Zaɓen lemo da fere shi

A sayi lemun da ba a fere ba, mai nauyi a hannu, fatarsa a miƙe tana sheƙi. Idan aka ɗan karce shi da farce aka kai hanci, ƙamshi ya kamata ya taso nan take. Wanda ya kwana biyu a rana har fatarsa ta yanƙwane ya riga ya rasa yawancin mansa, ko da cikinsa na da zaƙi.

Lemun kasuwanninmu, wanda akasarinsa daga Binuwai ake kawowa, yakan nuna alhali ɓawonsa kore ne, domin sanyin dare ne ke juya launin lemo, mu kuwa darenmu ba ya yin sanyin da zai kai ga haka. Koren ɓawo yana aiki, sai dai ƙamshinsa ya fi kaifi, yana kuma saurin kawo ɗaci. Idan da zaɓi a ɗauki wanda ya fi karkata zuwa ruwan ɗorawa. Lemun da ake shigowa da shi daga waje, mai ƙyalli kamar an shafa masa mai, galibi an lulluɓe shi da kakin da ke hana shi bushewa. Kowane iri ne, a wanke shi da ruwan ɗumi, a goge shi da soso mai tsabta, a tsane da ƙyalle. Tunda fatar za a sha, wankin nan ba abin tsallakewa ba ne.

Wajen ferewa aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Ɓawon lemo hawa biyu ne: fatar waje mai launi, da farin da ke ƙarƙashinta mai kama da soso. Idan aka ɗaga fatar waje ga haske za a ga ƙananan ɗigo-ɗigo kamar an tsattsaga da allura, waɗannan su ne rumbunan man. Farin ba shi da ƙamshi, ɗaci ne da shi. Saboda haka a sa wuƙa mai kaifi a riƙa shafto fatar siriri, yadda masu tallan lemo ke yi idan suna zagaye shi da wuƙa suna barin farin a jiki. Duk yankin da aka juya aka ga fari ya biyo shi, a kwantar da shi a faranti a kankare da bakin wuƙa. Wanda zai yi amfani da abin gogar kuɓewa ya zaɓi ɓangaren ƙananan ramuka, ya goga sau ɗaya ko biyu a wuri guda ya juya lemun. Da zarar fari ya bayyana, wurin ya gama bayar da abin da ke gare shi.

Ruwan sukarin lemo

Wannan ake fara yi, kuma sau ɗaya ya isa kofi goma sha biyar ko fiye. A zuba sukari giram 200, kimanin kofi ɗaya, da ruwa mililita 200 a ƙaramar tukunya. A ɗora a matsakaiciyar wuta ana juyawa har sukarin ya narke, ruwan ya yi garau. A zuba ɓawon lemo biyu, a rage wuta sosai yadda zai riƙa ɗan motsi kawai, a bar shi minti biyar. Sai a sauke, a rufe da murfi, a ƙyale shi minti ashirin zuwa talatin. Idan koren ɓawo ne, minti goma sha biyar ya wadatar.

Murfin nan yana da muhimmanci. Man lemo mai saurin tashi ne, yana bin tururi. Idan kicin ya cika da ƙamshi ana ta murna, to ƙamshin da ya kamata ya zauna a tukunya ne ya fice. Haka kuma tafasa mai ƙarfi na minti goma ko fiye tana kore ƙamshin ta bar ɗacin, ruwan ya koma kamar magani. A ɗanɗana bayan minti goma sha biyar da saukewa. Da an ji ɗaci ya fara leƙowa a ƙarshen harshe, a tace ba tare da jira ba.

A tace da rariya a zuba a kwalbar gilashi da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa ta bushe. A firji yana yin mako biyu lafiya. Idan ya yi duhu-duhu kamar gajimare, ko ya fara kumfa, ko warinsa ya sauya, a zubar. Inda wuta ba ta tsayawa, hanya mafi aminci ita ce sukarin lemo busasshe: a goga ɓawon lemo biyu a cikin sukari kofi ɗaya, a murtsuka da yatsu har sukarin ya jiƙe da mai ya ɗauki launi, a baza a faranti a inuwa ya sha iska kwana ɗaya, sannan a zuba a kwalba mai murfi. Cokalin shayi biyu na wannan yana tsayawa a madadin babban cokali ɗaya na ruwan sukarin. Rana kai tsaye tana kashe ƙamshin, don haka inuwa.

Gahawar

Dole ta yi ƙarfi, domin madara da cakulan za su danne ta. Gahawar da aka haɗa daidai shan ta ita kaɗai, idan aka tsoma ta cikin wannan haɗi ɓacewa take yi, a ƙare da shayin cakulan.

Mai amfani da gahawar gwangwani mai narkewa, irin su Nescafé, ya sa cokalin shayi biyu a ruwan zafi mililita 60. Kada a zuba ruwan yana tsakiyar tafasa. A sauke buta, a jira rabin minti zuwa minti ɗaya, zafin ya sauko tsakanin digiri 90 da 96. Kauce wa mai haɗe da madara da sukari a leda ɗaya, domin zai rikita duk awon da ke sama.

Mai niƙaƙƙiyar gahawa da ba shi da wata na'ura ya zuba babban cokali biyu masu tozo, kimanin giram 14, a kofi, ya zuba ruwan zafi mililita 100, ya juya, ya rufe minti huɗu, ya tace da farin ƙyalle mai tsabta ko matacin shayi mai laushi. Garin yana shanye ruwa kimanin ninki biyu na nauyinsa, saboda haka abin da zai fito kimanin mililita 70 ne, kuma shi ake so. Kada a matse ƙyallen da ƙarfi, kada kuma a wuce minti biyar, in ba haka ba bauri ya shigo.

Wanda ke da butar nan ta Italiya mai hawa biyu, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933, ita ta fi dacewa da wannan haɗi. A zuba ruwa a ƙasa kada ya haura ɗan bawul ɗin da ke gefe, a cika kwandon da gari a share samansa ba tare da dannawa ba, a ɗaure sosai, a ɗora a wuta kaɗan. Da an ji ta fara kurɓi tana tofar da kumfa mai haske, a sauke. Abin da ke fitowa bayan wannan ƙara ɗaci ne zalla.

Game da irin 'ya'yan, arabika, wadda ake nomawa a Habasha da kuma tsaunin Mambila a Taraba, ta fi laushi da ƙamshi, kuma ta fi jituwa da lemo. Robusta ta fi ɗaci da ƙarfi. Wadda aka soya matsakaici ko ta ɗan yi duhu ita ce daidai. Wadda aka soya sama-sama tana da tsami, tsamin kuma yana matsa wa madara.

Cakulan

Hodar koko tana da kitse a jikinta, shi ya sa idan aka watsa ta a kan madara take yawo a sama tana dunƙulewa, cikin kowane dunƙule busasshe. Maganin wannan shi ne damu, kamar yadda ake dama gari da ruwa kaɗan kafin a zuba a tukunyar kunu. A sa hodar a gindin kofi tare da gishirin, a zuba babban cokali ɗaya na gahawa mai zafi, a dama da bayan cokali har ta zama sumul tana sheƙi, babu gudaji ko ɗaya. Zafin yana buɗe ƙamshin kokon. Daga nan a ƙara sauran gahawar kaɗan-kaɗan.

Idan cakulan na sanda ne, a nemi baƙi mai koko kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, an rubuta a jikin takardar. A yayyanka shi ƙanana, a zuba gahawar mai zafi duka a kansa lokaci guda, a jira rabin minti, sannan a juya. Ɗigon ruwa kaɗan a kan narkakken cakulan yana sa shi ya cije ya yi tauri kamar ƙasa, ruwa mai yawa kuwa narkar da shi yake yi sumul. Kada a ɗora shi a wuta kai tsaye, yana ƙonewa da wuri, ƙaurinsa kuma ba ya gyaruwa. Tunda yana da sukarinsa, a rage ruwan sukarin lemo zuwa cokalin shayi biyu.

Milo da Bournvita suna iya tsayawa idan babu waɗancan, amma a san cewa an riga an haɗa su da sukari da tsiron hatsi, kokon ciki bai kai na hoda zalla ba. A sa babban cokali biyu, a bar ruwan sukarin gaba ɗaya, a samo ƙamshin lemo ta hanyar jiƙa ɓawo a madara kamar yadda za a gani a ƙasa. Abin zai fi zaƙi, ya rasa zurfin ɗanɗano, amma yana shayuwa.

Gishirin ba don a ji shi ake sawa ba. Yana rage ɗaci ne ya fito da ɗanɗanon cakulan. Idan har an ji gishiri a baki, ya yi yawa.

Madara, da dalilin tsinkewarta

Mai yin awara ta san wannan ilimi tun tuni: idan madarar waken suya ta yi zafi aka zuba mata ruwan tsami, nan take take haɗewa ta rabu da ruwa. Madarar shanu ma haka take. Furotin ɗin cikinta yana dunƙulewa idan tsami ya kai kusan 4.6 a ma'aunin tsami, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, zafi kuma yana gaggauta abin. Gahawa tana wajen 5, wato tana bakin iyaka. Ruwan lemun zaƙi yana tsakanin 3 da 4, na lemun tsami kuwa ya fi haka tsami nesa. Cokali ɗaya na ruwan lemo ya isa ya ture kofin ya haye iyakar. Man ɓawo ba shi da wannan tsami, shi ya sa yake zama lafiya da madara.

Madarar gari: babban cokali uku masu tozo a ruwa mililita 180, a dama da ruwan ɗumi tukuna. Mai cikakken kitse ta fi gardi. Madarar gwangwani ta ruwa, wadda aka ƙafe fiye da rabin ruwanta: rabi madara, rabi ruwa. Ɗanyar madarar shanu: a tafasa ta sosai tukuna, a bari ta huce, sannan a ɗumama. Madarar da ta kwana ta fara juyawa, ko da harshe bai kama tsaminta ba, gahawa mai zafi za ta tona ta.

A ɗumama a wuta kaɗan ana juyawa har digiri 60 zuwa 65. Alamarsa ba tare da ma'auni ba: tururi ya fara tashi, ƙananan kumfa sun jeru a gefen tukunya, tsakiyar ba ta motsa ba. Idan ta haura 70 tana yin fata a sama, zaƙinta na asali ya ragu, ta ɗauki warin dafaffiya. Mai son ƙamshin lemo ya ƙara ƙarfi, ko wanda bai yi ruwan sukari ba, ya jefa yanki biyu na ɓawo masu tsawon yatsa a madarar tun tana sanyi, ya cire bayan an sauke da minti uku.

Kumfa kuwa maburgi ya isa. A karkata tukunyar, a tsoma kan maburgin rabi a ciki rabi a waje, a burga tsakanin tafukan hannu na rabin minti zuwa minti ɗaya. A buga gindin tukunyar a tebur sau biyu don manyan kumfa su fashe, ƙananan su rage. Kada a zuba madara mai zafi a kwalba a rufe a girgiza, tururi na iya tunkuɗo murfin ya ƙona hannu.

Haɗawa

A ɗauraye kofin da ruwan zafi kafin komai, domin kofi mai sanyi, musamman da hunturu, yana kwashe zafin abin sha cikin minti biyu. A dama koko da gishiri da gahawa kamar yadda aka bayyana, a zuba ruwan sukarin lemo a juya. A ɗanɗana a wannan mataki: ya kamata a ji shi da ƙarfi fiye da kima, domin madara za ta sassauta shi. Sai a tsiyaya madarar a hankali ana tare kumfar da cokali, idan kofin ya kusa cika a kwaso kumfar a ɗora a sama.

Saura abu ɗaya, wanda shi ke bambanta kofi mai kyau da kofi na musamman. A yanko sabon ɓawo mai faɗin yatsa biyu, a riƙe shi a saman kofin fatar waje na kallon ƙasa, a lanƙwasa shi da sauri. Idan akwai haske a bayansa za a ga man ya feso kamar raɓa ya sauka kan kumfar. A shafa ɓawon a bakin kofin a ajiye shi gefe. Hanci ke fara shan abin kafin baki, kuma wannan feshin shi yake tarar sa. Kada a bar ɓawon a ciki ya jiƙa.

Idan an kurɓa an ji ɗaci, a binciki abu uku: farin ɓawo, gahawar da ta daɗe a ruwa, ko ɓawon da ya wuce lokaci a tukunya. Ƙarin sukari ba ya ɓoye ɗacin farin ɓawo, ƙarin madara da ɗan gishiri sun fi taimakawa. Idan ya yi salam, gahawar ce ba ta yi ƙarfi ba. Idan an ji tsaki-tsaki a harshe, damun koko bai yi ba. Ɗan abin da ke kwantawa a gindin kofi ba laifi ba ne, hodar koko ba ta narkewa ɗungurungum, juyawa kawai take so. Idan kuma lemun ya yi yawa har ana jin kamar turare ko sabulu, a rage ɓawo a karo na gaba. Cakulan ya kamata ya yi gaba, lemo ya biyo shi a baya.

Tanjarin yana ba da ƙamshi mai laushi da zaƙi, fatarsa siririya ce, sai a kankare farin ta ciki bayan an ɓare. Ɓawon lemun tsami yana da kaifi, rabin awon ya isa. Kirfa ɗan guntu ko kanumfari ƙwaya biyu a tukunyar ruwan sukari suna tafiya da lemo sosai. Citta tana son mamaye komai, yanki ɗaya siriri ya wadatar.

Mai sanyi, da mai ruwan lemo

Da bazara a yi damun koko da gahawa da zafinsu kamar kullum, domin koko ba ya haɗuwa sumul da ruwan sanyi, sannan a bari ya huce. A cika kofin gilashi da ƙanƙara, a zuba madara mai sanyi mililita 150, a tsiyaya haɗin a kai. A ƙara garin gahawar da cokalin shayi ɗaya, ruwan sukarin ma a ɗan ƙara, saboda ƙanƙara na narkewa, sanyi kuma yana dushe zaƙi a harshe.

Wanda ya nace sai ya ji ruwan lemun kansa, to ya bar madara gaba ɗaya. Ƙanƙara a kofi, sabon ruwan lemun zaƙi da aka tace mililita 100, sai gahawa mililita 60 da aka dama da cokalin shayi ɗaya na koko, a tsiyaya ta bayan cokali ta zauna a sama. A matse lemun lokacin da za a sha, domin ruwansa yana juyawa ya yi ɗaci idan ya jima a ajiye, ya fi sauri kuma idan ya ji zafi.

Kofi ɗaya na wannan haɗi yana ɗauke da sinadarin kafeyin wajen miligiram 100, gwargwadon irin gahawar, robusta tana da kusan ninki biyu na arabika. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Sinadarin yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka wanda barci ke yi wa wuya ya sha nasa kafin la'asar. Yara a yi musu da koko da madara da lemo kawai, babu gahawa.

Idan baƙi shida za a yi wa, a ninka komai: gahawa mililita 360, madara lita ɗaya da ɗan ɗori, koko babban cokali shida, ruwan sukari shida, gishiri rubu'in cokalin shayi. A dama kokon a tukunya, a haɗa duka a ciki, a burga, a juye a filas da aka ɗumama da ruwan zafi. A sha cikin awa biyu, a ɗan jujjuya filas ɗin kafin kowace tsiyaya don kokon ya taso, feshin ɓawo kuma a yi wa kowane kofi nasa a gaban mai sha. Da an gama a wanke filas ɗin har da robar murfinsa, domin madarar da ta maƙale a nan ita ke tsinka haɗin gobe.